Na'urar koyarwa ta sa ɗalibi aiki, kar ta yi masa

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ɗalibai da dama sun samu wani sabon malami cikin salula. Ka rubuta masa tambaya, nan take ya ba ka amsa. Yanzu masana a ƙasashe da yawa na ƙoƙarin tsara irin waɗannan na'urori masu hira domin koyarwa a jami'o'i. Zancen ya shafe ku, ƴan kasuwa da mata masu sana'a, domin da ribar albasa, hatsi da bisashe ake sayen salular da katin da ke cikinta.

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, yau tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar. A can ƴaƴanmu na Takanamat da sauran garuruwa ke karatun shari'a, tattalin arziki da gudanarwa. Malami ba ya iya zama da kowane ɗalibi har dare, littattafai kuma na da tsada. Saboda haka ba mu ƙi na'urar ba: a rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Amma wace iri za a ba su? Duk mai shago ya san yadda ake horar da yaro: ba ka ƙirga masa canji, kana sa shi ya ƙirga a gabanka, in ya ɓata ka gyara. Na'urar da ke miƙa wa ɗalibi amsa a dafe tana kashe masa zuciya; ranar jarrabawa kuwa babu salula. Wadda ta dace ita ce mai tambayar sa, ta nuna masa inda ya kauce, ta bar shi ya ƙarasa da kansa.

A sani kuma cewa na'urar ba ta da ilimi irin na mutum. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, galibi da Ingilishi, tana haɗa kalmomin da suka saba zuwa tare. Shi ya sa takan shara ƙarya ba tare da kunya ba. Wanda ke karatun dokar kasuwanci ta OHADA, in ta kawo masa ta Amurka, ya yi asara.

Nijar ta taɓa gwada koyarwa da talabijin tun 1964, kuma a lokacin ma sai da mai kula da yara a aji. Muna kira ga hukumomin jami'a da su sa malamai su zuba darussansu cikin na'urar, su riƙa binciken amsoshinta, ta kuma yi aiki a ƙaramar salula ba tare da cin kati ba.

Ku kuwa iyaye, in yaro ya dawo hutu, ku miƙa masa littafin bashin shago ya daidaita, salula na aljihu. A nan za ku ga inda kuɗinku ya shiga.