Abin da Malaman Amurka Suka Je Nema a Hungariya

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wani labarin cuɗanya tsakanin mutanen Amurka da na Hungariya wanda na ke so mu duba tare, gama ya shafi sana'ar da mu ke shirin shiga. Ba labarin sarakuna ko na jakadu ba ne. Labarin malaman waƙa ne na makarantun firamare, irin waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana rabon girma.

Hungariya ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Turai, mutanenta ba su kai miliyan 10 ba. Amurka kuwa kowa ya san ta. In aka ce ɗaya za ta koya wa ɗaya, ai sai kowa ya zaci babbar ce malama. Ga shi kuma a zamanin da na ke magana gwamnatocin nan biyu ba su ga maciji da juna. A 1956 mutanen Hungariya suka yi bore, tankokin Rasha suka murƙushe su, mutum wajen 200,000 suka gudu, fiye da 30,000 daga cikinsu suka sami mafaka a Amurka. Ƙasar ta zauna a hannun Kwaminis har 1989. Duk da haka, cikin waɗannan shekaru ne malaman Amurka suka riƙa ɗaure kayansu suna tafiya Budapest neman ilimi.

Wanda ya jawo wannan shi ne Zoltan Kodaly, ana kiran sunan Kodai. An haife shi a garin Keckemet a 1882. Tun daga 1905 ya shiga yawon ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin manoma da na tsofaffin mata, sa'an nan shi da abokinsa Bela Bartok suka riƙa ɗaukar muryoyinsu da wani irin garmaho na dā mai ɗaukar magana a kan kaki. Ra'ayinsa shi ne kowane yaro yana iya koyon karanta waƙa kamar yadda ya ke karanta littafi, ba sai ɗan mai kuɗi ba, ba kuma sai da molo ko piyano ba, tun da ya ke Allah ya ba kowa maƙogwaro. Amma ya ce a fara da waƙoƙin da yaro ya tsotsa a nono, kamar yadda ya ke fara magana da harshen uwarsa kafin ya koyi na wasu. A 1950 aka buɗe makarantar firamare a Keckemet inda a ke yin darasin waƙa kowace rana, daga nan irinta suka yaɗu cikin ƙasar.

A 1964 ƙungiyar malaman kiɗa da waƙa ta duniya ta yi taronta a Budapest. A nan baƙi suka ga abin mamaki. A miƙa wa ƙananan yara waƙa a rubuce, wadda ba su taɓa ji ba, su duba takarda su rera ta daidai. Kodaly da kansa ya ziyarci Amurka a 1965 da 1966, ya rasu a 1967. A shekarar da ya rasu wata malama, Denise Bacon, ta tafi Hungariya ta zauna shekara guda tana koyo. Da ta komo ta kafa makarantar horon malamai a Wellesley, kusa da Boston, a 1969, wani saurayi ɗan Hungariya mai suna Peter Erdei yana taimakonta. Can yamma kuma, a Oakland ta jihar Kalifoniya, sistocin Katolika na kwalejin Holy Names suka kama nasu aikin, har a 1973 aka yi taron duniya na fari na masu bin hanyar Kodaly a wurinsu.

To, ga inda na ke so mu buɗe kunne. Sa'ad da aka ɗauki waƙoƙin yaran Hungariya aka juya su da Turanci, sai suka yi ta ɗingishi. Dalili kuwa, harshen Hungariya kullum a gaɓar farko ta kalma ya ke ɗora nauyi, waƙoƙinsu ma haka su ke takawa. Turanci kuwa sau da yawa da gaɓa marar nauyi ya ke tashi, kuma waƙoƙin yaran Amurka da yawa suna da wani taki mai kama da sukuwar doki, wanda ba shi da yawa a Hungariya. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Malaman Hungariya ba su ce lalle sai an haɗiye nasu ba. Suka ce wa Amurkawa su koma su tono nasu. A 1974 aka buga littafi mai waƙoƙin gargajiya 150 na Amurka don makarantu, waɗanda suka tsara shi kuwa 'yan Hungariya biyu ne, Erdei ɗin nan da wata malama Katalin Komlos. Ka ji fa! Baƙo ya zo garinku, ya kama hannunka ya kai ka rumbun kakarka.

Ni a ganina wannan ita ce musayar al'ada ta gaskiya, watau a ba ka dabara a bar ka da kayanka. Su kansu mutanen Hungariya haka suka yi. Do, re, mi ba su suka ƙaga ba, asalinsa daga wani limamin Kirista ne na Italiya, Guido, wajen shekara dubu da suka wuce. Alamun da a ke yi da hannu don nuna kowace murya na John Curwen ne, wani fasto na Ingila. Suka tsinto can, suka tsinto nan, amma waƙar da suka zuba a ciki tasu ce.

Mu da muka tashi a makarantun Mishan mun san do, re, mi ɗin nan sarai, da shi muka koyi waƙoƙin sujada. Ba na raina waɗanda suka kawo mana shi, sun bar gidajensu sun sha zazzaɓi dominmu. Sai dai sun kawo mana ƙoƙon tare da furar a dame. Aka ɗauki karin waƙoƙin Ingila da na Jamus aka ɗora musu kalmomin Hausa. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, da muryar da ka ɗora ne a ke bambanta kukan jariri da kukar miya. In karin ya hau inda kalmar ta ke sauka, sai ka ji majami'a cike ana rerawa da ƙarfi, amma tsohuwar da ke bayan taga ba ta gane abin da a ke faɗi ba. Ciwon da Amurkawa suka gano cikin 'yan shekaru kaɗan suka nemi maganinsa, mu mun daɗe muna fama da shi har mun saba.

Wani zai ce ai gwamnatin Kwaminis ta yi amfani da makarantun nan don ta nuna wa duniya kyakkyawar fuska. Haƙiƙa ta ji daɗin yabon. Amma gwamnatin ta tafi, yaran da suka koya ba su manta ba, cibiyar da aka buɗe a Keckemet a 1975 cikin wani tsohon gidan sufaye ta ci gaba da karɓar malamai daga Amurka da sauran ƙasashe, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa hanyar Kodaly cikin jerin kyawawan dabarun kiyaye al'adun gargajiya.

Abin da ya fi damuna dabam ne. A makarantun Amurka da yawa darasin waƙa sau ɗaya ne ko biyu a mako, ba kullum ba. Saboda haka wasu suka kwashi alamun hannu da do, re, mi, suka bar haƙurin yi kowace rana, alhali kuwa shi ne gishirin abin. Mu ma nan ne za mu fi saurin faɗuwa. Wa bai san yadda a ke yi da darasin waƙa a wajenmu ba? A tura shi ƙarshen ranar Jumma'a, in hedimasta yana son a share fili, shi za a fara yankawa.

Ga abin da na ke roƙo. A wannan kwaleji akwai Bahaushe, akwai Birom, Angas, Tibi, Jaba da Bachama. In an ba da hutu, kowa ya zauna da tsofaffin gidansu ya ɗauko waƙa biyar kawai, ta raino, ta daka, ta niƙa, ta gaɗa ko ta wasan dare. Kodaly ya yi fama da garmaho mai nauyi a kan hanyoyin ƙauye, mu kuwa wayar da ke aljihunmu ta isa. A rubuta sunan garin da wanda ya rera, a rubuta kalmomin yadda aka faɗe su, kada a gyara. In mun komo, mu roƙi malamin waƙa ya taya mu jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, mu tafi da su gwajin koyarwa na zango mai zuwa, minti goma kowace safiya bayan kiran suna.