Asalin Kalmar "Dentist" Da Darasin Iyakar Jibiya

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san cewa kafin 2025, da an wuce Magamar Jibiya an doshi Ɗan Isa, harshen hukuma yakan juye daga Ingilishi zuwa Faransanci. Amma mai ciwon haƙori zai tarar sunan mai yi masa magani bai sauya ba: a nan "dentist", a can "dentiste". Wannan ba dace ba ne, aro ne.

A tsakiyar ƙarni na 18 Ingilishi ya aro kalmar daga Faransanci, inda "dent" ke nufin haƙori, tushenta kuwa "dens" na Latin. Littafin da Pierre Fauchard ya wallafa a 1728, wato Le Chirurgien Dentiste, shi ya ɗaukaka sunan. Kafin nan Turawan Ingila "tooth-drawer" suke cewa, ma'ana mai cire haƙori, kuma masu aski na cikin masu yin aikin, kamar dai wanzamanmu. Masu aski da masu fiɗa ƙungiya ɗaya suke a Landan tun 1540, ba su rabu ba sai 1745. Ashe neman martaba ya sa aka yar da sunan gida aka rungumi baƙo.

A ganina, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, bai kamata Hausa ta bi wannan sawu ba. Muna da "likitan haƙori", wanda tsohuwa a kasuwar Jibiya za ta gane, haka ma takwararta ta Madarunfa, alhali "dentis" ba ya gaya wa ko ɗayarsu inda za ta kai ciwonta.

Wani zai ce ai "likita" ma daga "doctor" aka samo shi, kamar yadda "lokotoro" na mutanen Nijar ya fito daga "docteur". Gaskiya ne, ba a ƙi aro ba. Amma "likita" giɓi ya cike, domin ya bambanta mai maganin asibiti da boka, har ya zama ɗan gida ya haifi "likitoci" da "likitanci". "Dentis" kuwa wane giɓi zai cike?

Saboda haka ina kira ga masu fassara da masu rubuta allunan asibitoci, musamman a garuruwan bakin iyaka, su riƙe sunan da jama'ar ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansa. Bature ya shata iyaka a ƙasa, kada mu taya shi shata wata a bakinmu.