An Bar Naushi, An Jefar da Dalili

Akwai wata sana'a da ke cin abinci da sunan fassara, alhali aikinta ɓad da kama ne. Masu ita suna kiran ta da faransanci localisation, wato a ɗauki littafi, ko fim, ko wasan bidiyo na wata ƙasa, a yi ta gyara shi har mai saye ya ɗauka a unguwarsu aka haife shi. Da wannan sana'a nake jayayya a yau, kuma shaidata daga wani tsohon wasan yara na ƙasar Japan zan ɗauko ta. Na san wasu ƴan'uwana malamai za su ce mi ya haɗa mujallar al'adu da wasan yara. Abin da ya haɗa su shi ne, abin da aka raina shi ake yi wa aika-aika a fili, ba kunya ba tsoro, saboda haka a nan ne ake ganin sawun mai ɓarna sarai.

Irin wasan da nake nufi shi ne wanda za mu iya kira doka-ka-wuce. Mai wasa yana sarrafa wani jarumi a kan allo, ƴan iskan gari suna taso masa rukuni-rukuni, yana dukansu yana wucewa, har ƙarshen kowane zango ya tarar da uban tafiyarsu, wanda ya fi su ƙarfi da girman jiki. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin wasan yara ya san sauran kayan aikin: gari ya lalace, hukuma ta gaza, an sace wata yarinya, jarumi yana fasa ganga ya tsinci gasasshen nama ya ci ya farfaɗo, abokan gaba kuwa kamarsu ɗaya, launin riga kawai ke bambanta su. An maimaita waɗannan abubuwa har mutane suka ɗauka haka aka halicci wasan. To, ba haka ya faro ba.

A shekarar 1986 kamfanin Technos na Japan ya fito da wani wasa mai suna Nekketsu Koha Kunio-kun, a irin manyan akwatunan nan da ake jefa wa tsabar kuɗi. Wanda ya tsara shi, Yoshihisa Kishimoto, ya sha faɗin cewa daga faɗace-faɗacen da ya yi yana ɗan makaranta ya ɗauko labarin. Jarumin, Kunio, ɗan lise ne sanye da farar rigar makaranta mai tsayayyen wuya. A farkon kowane zango ana nuna abokinsa Hiroshi, yaro marar ƙarfi, ana jibgarsa a bakin ƙofar makaranta, sai Kunio ya bi sawun waɗanda suka yi. Zangon farko a tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku ake yin sa, da yaran wata makaranta da shugabansu Riki. Na biyu a bakin tashar jiragen ruwa, da samari masu tseren babur. Na uku da ƴanmata masu taurin kai da shugabarsu Misuzu. Na huɗu da manyan ƴan ta'adda na yakuza, inda ubangidansu Sabu ke riƙe da bindiga. Idan an gama, Hiroshi ya miƙo hannu su gaisa. Duk wani ɗan Japan na wancan zamani ya san abin da ake nuna masa, domin a farkon shekarun 1980 tashin hankali a makarantu babbar damuwa ce a ƙasar, kuma yadda yaro ya tsawaita rigarsa ko ya gajarta ta yana faɗin ko wane ne shi tun bai buɗe baki ba.

A shekarar nan dai aka kai wasan Amurka da Turai da sunan Renegade. Naushi bai canza ba, shuri bai canza ba, yawan zango bai canza ba. Abin da aka taɓa shi ne duk wani abu da ke cewa Japan. An tuɓe wa Kunio rigar makaranta aka sa masa falmaran irin ta ƴan daban fim ɗin The Warriors na 1979. Tashar Shinjuku ta koma tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai kama da ta birnin New York. Riki ya zama Jack, Misuzu ta zama Kim. Hiroshi kuwa aka share shi gaba ɗaya, shi da ƙofar makarantar da ake dukansa a gabanta. Da aka share shi sai faɗan ya rasa dalili, dole a nemo wani, sai aka ɗauko mafi araha a kasuwa: budurwa. A ƙarshen Renegade mace ce ke fitowa ta saka wa jarumi da sumba.

A nan nake so malaman harshe su tsaya su duba da kyau. Kalmar nekketsu tana nufin zafin jini. Kalmar koha kuwa ana faɗinta ga saurayin da ya ɗauki jarumta da riƙon amanar abokai a matsayin ado, ya ɗauki bin ƴanmata a matsayin rauni. Ke nan sunan wasan da kansa yana cewa wannan yaro ba don mace yake faɗa ba. Wanda ya saka masa da sumba ya juya ma'anar ne ta koma kishiyarta. Da ɗalibi zai kawo mana irin wannan a jarrabawar fassara, babu mushen da zai ba shi rabin maki.

Ban ce Amurkawa ne suka ƙago labarin sace mace ba. Yana nan tun a Kung-Fu Master na 1984, wanda shi ma a Japan aka yi shi. Kuma gaskiya ta fi haka ɗaci: mutanen Technos ne da hannunsu suka yi wa wasansu wannan kwaskwarima, saboda sun yarda cewa baƙo ba zai sayi fuskarsu ba. Da suka ga wahalar zana wasa sau biyu, sai a 1987 suka yi Double Dragon, wanda tun daga tushe ba ya nuna wata ƙasa takamaimai. Yana buɗewa ne da a naushi wata yarinya, Marian, a ciki, a saɓa ta a kafaɗa a tafi da ita. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai, kowa ya bi sahunsa. A 1989 kamfanin Capcom ya yi Final Fight, inda aka sace Jessica, ɗiyar magajin garin wani birni mai kama da na Amurka. Abin da aka fara yi don a faranta wa mai saye na waje, shi ya dawo ya zama ƙa'idar gida. Wannan ita ce babbar illar ɓad da kama: wanda ya daɗe yana sa fuskar aro, wata rana da ita zai tashi daga barci.

Sauran wasannin Kunio ma ba su tsira ba. Wanda ya fito a 1989 a kan na'urar gida ta Famicom, an sayar da shi a Amurka da sunan River City Ransom, a Turai kuma Street Gangs. Kunio da Riki suka zama Alex da Ryan, rigunan makaranta suka koma ƴar riga da wandon jin, kuɗin yen suka koma dala, ta Amurka fa, ba tamu ta faran biyar ba. A wasan jifa da ƙwallo da aka kira Super Dodge Ball, ƙungiyar makarantar su Kunio ce ke karawa da ƙasashen duniya. Da aka kai shi waje, sai ƙungiyar mai wasa ta zama ta Amurka, Kunio ya zama Sam, Japan kuma aka mayar da ita cikin abokan hamayyar da za a doke. Wasan ƙwallon ƙafarsu, wanda gasa ce tsakanin makarantun Japan, a 1990 ya koma Nintendo World Cup mai ƙasashe 13, har da Kamaru. Yaron Turai da ya buga waɗannan duka bai san cewa jarumi ɗaya ne yake ta haɗuwa da shi da sunaye daban-daban ba.

Wani zai ce ai akwai gyaran da tarbiyya ta sa a yi. To mu duba wace irin tarbiyya ce. Lokacin da aka kai Final Fight gidajen Amurka a kan Super Nintendo a 1991, an cire mata biyu daga cikin abokan gaba, Poison da Roxy, aka sa maza biyu, Billy da Sid. An sauya kwalaben giya da wasu abubuwan sha, an canza sunayen shugabannin daba biyu saboda suna da nauyi a kunne. Amma dukan mutum da bututun ƙarfe yana nan, sace yarinya ma yana nan. An ce bai dace mace ta shiga faɗa ba, amma ya dace ta zama kayan da ake faɗa a kansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta kasuwa: wai yaron waje ba zai gane rigar makarantar Japan ba, kuma kaset ɗin wancan zamani ba shi da wurin yin bayani. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Sake zana mutane da gine-gine ya fi barin su yadda suke tsada. Sannan yaran nan da ake cewa ba za su gane ba, su ne suka haddace ninja da karate ba tare da an buɗe musu aji ba. A garuruwanmu ma, shekara nawa mutane suka yi suna cika gidajen sinima don kallon finafinan Indiya da na Bruce Lee, ba fassara ko ta kalma ɗaya, kuma suka fito suna ba da labari daki-daki? Yaro ba ya gudun baƙon abu, babba ne ke jin tsoro a madadinsa. Ƙari a kan haka, malamin da ke koyarwa a Damagaram, wanda ya san fada-fadar samari da ƙungiyoyin da ake kira palais, ya san yadda rikicin unguwa ke biyo yaro har ƙofar lakwal, zai fi gane Kunio da Hiroshi a kan ɗan daban New York. Asalin ya fi kusa da mu. Kwaskwarimar ce ta nisanta shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga gidanmu take. Za a ce, ai Abubakar Imam ma haka ya yi a Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937: ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu rawani da babbar riga. Gaskiya ne, kuma ba na ƙin aro, domin babu adabin da bai yi aro ba. Sai dai Imam rushe ginin ya yi, ya kwaɓa ƙasar da ruwan Hausa, ya gina sabon ɗaki wanda ke tsaye da kansa. Kowane dalili a cikin labarinsa ya dace da mutanen da ke cikinsa. Masu Renegade kuwa ginin wani suka bari yadda yake, suka shafa masa fenti, suka kankare sunan mai shi daga ƙofa. Ana gane bambancin ta wurin abin da ya rage. A wajen Imam an samu littafin da har yau ake karantawa a aji. A wajensu an samu mutum yana dukan ƴanmata da masu babur ba wanda ya san abin da suka yi masa.

Wannan magana ta shafe mu, domin yawancin abin da ke zo mana daga Japan ta hannun Faransa yake biyowa, kuma can ma an yi irin wannan aiki. Zanen tele na ƙwallon ƙafa da aka sani da Olive et Tom sunansa Captain Tsubasa, jaruminsa Tsubasa aka mayar Olivier. Wanda aka sani da Nicky Larson, Ryo Saeba ne na birnin Tokyo. Yaran da suka taso da waɗannan sun kalli Japan shekara da shekaru ba tare da an bar su sun san Japan suke kallo ba. Yau kuma aikin ya zo hannunmu. Ana juya finafinan Indiya zuwa Hausa a Kano, suna yawo a wayoyin ɗalibanmu daga Maraɗi har Tawa, gobe kuma wasannin bidiyo za a juya. Wanda ke riƙe da makirufo yana da ikon da masu Renegade suka samu: ya bar baƙo ya yi magana da Hausa yana nan a baƙonsa, ko ya mayar da shi ɗan unguwa don a yi dariya a wuce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Technos ya karye a 1996, haƙƙin wasanninsa ya koma hannun Arc System Works a 2015. A 2019 aka fito da River City Girls, inda Kunio da Riki suka amsa sunayensu na yanka a gaban duniya, kuma su aka sace, ƴanmata biyu, Misako da Kyoko, suka fita nemansu. A 2020 aka tara tsofaffin wasanni 18 a kundi ɗaya, aka fassara waɗanda ba su taɓa fita daga Japan ba, da rigunansu da makarantunsu. Masu saye ba su gudu ba. An ɗauki fiye da shekara 30 kafin a yarda da abin da kowane malamin aji ya sani, cewa yaro na iya son wanda bai yi kama da shi ba.

Saboda haka kirana ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu a fili yake. Idan muna koyar da fassara, mu koyar da cewa harshe ake juyawa, suna da gari da dalili amana ce a hannun mai fassara. Wanda yake son ya gina nasa a kan na wani, ya gina, ƙofa a buɗe take, amma ya faɗa a bangon littafi ko a farkon fim cewa sake ginawa ya yi. Mu da muke ƙorafi idan aka ɗauki tatsuniyarmu aka cire Gizo aka sa wata dabbar da mai karatu na waje ya saba da ita, bai kamata mu yi wa wani abin da ba mu so a yi mana ba.