Da idon wa za a fenta rundunar Farisa?

Mai tara ƙananan mutum-mutumin sojojin tsohuwar Farisa domin wasan yaƙi a kan tebur yana da hukuncin yankewa tun kafin ya tsoma buroshi a fenti. Yawancin labarin rundunar daga bakin abokan gabarta Girkawa ya zo. Herodotus ne ya kira zaratan sarki 10,000 "Marasa Mutuwa", fim ɗin 300 kuwa ya mai da su dodanni. A ganina, gara ya dubi maharban da ke jikin tubalin fadar Dariyus ta Susa, waɗanda ke Louvre a yau: dogayen riguna rawaya da farare masu ado, gemu a gyare. Masana da dama sun ce tufafin fada ne, ba na fagen fama ba. Duk da haka, Farisawa ne da kansu suka zaɓi a gan su haka.