Ihu bayan hari: har yaushe?

Ranar 2 ga Janairun 2021 aka kashe mutum sama da 100 a Tchoma Bangou da Zaroumdareye, cikin jihar Tillaberi. Ranar 15 ga Maris aka tare ƴan kasuwa masu dawowa daga Banibangou, aka kashe 58. Bayan kwana shida, Tillia ta jihar Tawa: rai 137. Kun san ina Nijar take zaune a lokacin? A kan kujerar Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya, wa'adin 2020 zuwa 2021. Me muka samu? Sanarwar Allah wadai da ta'aziyya.

Wannan hali ba sabo ba ne. A Ruwanda, 1994, ana tsaka da yanka mutane Majalisar ta rage dakarunta zuwa 270, aka hallaka kusan 800,000 cikin kwana ɗari. A 2005 shugabannin duniya suka yi alkawarin kare duk al'ummar da gwamnatinta ta kasa karewa. Da aka ɗauko alkawarin a Libiya a 2011, sai ya ƙare da kifar da Gaddafi, makamai suka malalo Sahel. Mu muke biyan kuɗin har yau.

CEDEAO fa? Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ta rufe iyaka, ta ba da wa'adin mako guda, ta yi barazanar yaƙi. Ashe akwai zafin nama! Don kujerar mulki ake da shi, ban da ran manomi.

To amma jama'a, kar fushi ya rufe mana ido. A Satumban 2025 Nijar da Mali da Burkina suka sanar da ficewa daga kotun duniya ta CPI, wasu a fadojin Saga har da tafi. Ku tuna Inates: a 2020 hukumarmu ta kare haƙƙin ɗan Adam, CNDH, ta ce ta tono gawa 71 a ramuka, ta ɗora alhakin kan wasu jami'an tsaro. In wanda ake zargi shi ke riƙe da bindigar gwamnati, ina maraya zai kai kuka? Kotun tana da son kai, gaskiya ne. Amma ita ta ɗaure Ahmad al-Mahdi shekara tara a 2016 kan rusa ƙaburburan waliyyai a Tumbuktu. Wanda ya rushe rumbu saboda ɓera, da yunwa zai kwana.

Abin da muke nema a fili yake. Manyan ƙasashe biyar su daina hawa kujerar naƙi in ana kisan kiyashi. In ƙauye ya kai rahoton barazana, a kai masa ɗauki kafin a haƙa kabari. A bar masu bincike masu zaman kansu su shiga, ko wa ake zargi. AES kuwa, tunda ta rufe waccan ƙofa, ta nuna mana kotun da za ta iya gurfanar da ɗan ta'adda da mai kaki duka.

Mu kuma mu rubuta sunan kowane ƙauye da ranar da aka afka masa, mu adana. Duk ranar da aka zauna shari'a, da wannan za a fara.