Motar da ke tashi yau ta ƙiya gobe: a daina canza batir da ka



A cikin cututtukan mota babu mai cin rai kamar wannan: yau ta tashi, gobe ta ƙiya, jibi ta tashi kamar ba ita ba. Motar da ta mutu murus an san inda za a nufa da ita. Wannan kuwa, ka kira mai gyara, ya baro garajinsa cikin rana, ya murɗa makulli sau guda, ta tashi. Ya dube ka, ka dube shi. Daga nan sai a shiga canje-canje. A sayi sabon batir, bayan kwana uku ta sake. A canza buji, a kwance demarar, a sa wani pompon mai. Kafin wata ya ƙare jikkuna sun tafi, cutar kuwa tana nan inda take.

Mu a ganinmu rabin laifin namu ne, mu masu motoci. Ba mu son biyan kuɗin bincike. In mai gyara ya yi awa biyu yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya gano ƙusa guda ce ta saki, ya ɗaure ta, ya ce a ba shi jika biyar, sai mu ce kai malam, me ka yi? Amma in ya ce a kawo sabon batir, muna gunaguni muna biya, don mun ga abu a hannu. To wanda ya san ba za a biya shi tunaninsa ba, don me zai ɓata yininsa yana tunani? Sai ya sayar maka da ƙarfe. A likita mun yarda a biya kuɗin awo kafin a rubuta magani, a garaji ne muka ƙi.

Alhali mafi yawan binciken mai motar ne ke iya fara shi, tunda shi ke wurin lokacin da ta ƙiya. Tambayar farko ita ce: da ka murɗa makulli, injin ya juya ko bai juya ba? Amsar nan kaɗai tana raba matsalar gida biyu, kuma "ta ƙi tashi" da muke faɗa wa mai gyara ba ta gaya masa ko ɗaya.

In bai juya ba, ka ji shiru ko ƙas-ƙas, maganar wuta ce tsakanin batir da demarar. Kunna manyan fitilu, ka sa wani ya tsaya gaba, ka murɗa. In hasken ya dushe sosai, ko dai batir ya yi rauni, ko wutar ba ta wucewa yadda ya kamata. In hasken yana nan tangaran, ka ji ƙas sau guda, a duba demarar da wayoyinsa. Batir mai lafiya da ya kwana yana nuna wajen bolt 12,6. In ana tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba. In injin na aiki kuma, a ga tsakanin 13,8 da 14,4, alamar alternatar na caja. Ɗan abin awon da ke nuna waɗannan lambobi bai kai kusa da kuɗin batir ba, awon kuma minti biyar ne. Duk wanda ya ce ka sayi batir bai auna ba, ka ce masa don Allah a auna tukuna.

Abin da aka fi mantawa shi ne kawunan batir da wayar mas, wadda ke haɗa batir da jikin mota da injin. Hanyoyinmu na jar ƙasa masu gargada suna kwance ƙusa a hankali. Ga ƙura, ga wannan farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir. Wayar da ta saki tana barin rediyo da fitilu su kama, amma demarar da ke jan wuta mai yawa a lokaci guda ba ya samun abin da yake so. Yau ta taɓa, mota ta tashi. Gobe ka faɗa rami, ta ɗan goce, shiru. Har ma wani lokaci sabon batir yakan "warkar" da motar don kawai an kwance kawunan an sake ɗaure su da kyau. Tsohon batir ɗin ba shi da laifin komai, ga shi an bar wa mai shago.

Sai dabarar nan da kowane ɗan tasha ya sani, ta buga demarar da ƙarfe. In ka buga ta tashi, ai ta faɗa maka cutarta: gawayin cikin demarar ya cinye, ko sashen da ke haɗa wutar yana maƙalewa. A kai shi a gyara, a daina yawo da guduma ƙarƙashin kujera. Masu otomatik kuma, in ta yi shiru a P, ku taka birki ku gwada a N. In ta tashi a can, ɗan makunnin da ke jikin giya ne.

In kuwa injin na juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, a ƙyale batir ya huta. Nan mai ne, ko tartsatsin buji, ko kwamfutar motar. Buɗe kontak ba tare da tayarwa ba, ka kasa kunne wajen tanki. A yawancin motocin esansi na yanzu za ka ji pompo ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Ranar da ta ƙiya, in ba ka ji shi ba, ga inda za a fara: fizibil, rele, sannan pompon kansa. A nan ma halinmu na shiga. Pompon yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, mu kuma kullum allura na kan ja, lita guda yau, kwalba biyu gobe. Ba mu ce duk man ruwa-ruwa ne marar kyau ba, amma man da ya kwana a jarka, aka juye da mazurari a bakin hanya, ba ya rasa ƙura, wani lokaci har da ruwa.

Akwai wata alamar da ta kamata kowa ya riƙe. Da safe ta tashi lafiya lau, ka je kasuwa ka kashe, ka dawo ta ƙiya, ka zauna minti 30 ta huce, ta tashi. Sau da yawa wannan ɗan kaftar ne da ke gaya wa kwamfuta yadda injin ke juyawa, in ya tsufa zafi na sumar da shi. A watan 4 da na 5, lokacin da zafi ke haura digiri 40, irin wannan ƙorafi ba ya wuya. In kuma wata ƴar fitila mai hoton makulli tana ƙyaftawa, motar ce ba ta gane makullinta ba. A gwada na biyu, in akwai, don da yawa cikin motocin da ke iso mana daga tashar ruwa da makulli guda suke zuwa. Masu gazuwal da ke shan wahala da asubar sanyi kaɗai, a duba bujin ɗumama injin.

Ba mu zo cin mutuncin masu gyara ba. Da yawansu sun koyi aiki a kan 504 da tsofaffin Hiace, kuma a can gwanaye ne. Amma tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin esansi, doka ta sa kowace sabuwar mota ta zo da wurin da ake jona na'urar bincike, wadda masu gyara ke kira balis. Waɗannan motocin ne suka cika titunanmu yau. Ya kamata FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a su ƙara ƙarfi wajen koya wa yaran garaji wutar mota da karatun wannan na'ura, domin ita ma ba boka ba ce. Tana nuna unguwar da ɓarnar take, gidan kuwa sai an bi da awo.

Wani zai ce ai ana turawa ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi. Kuma ku tuna motar da ke ƙauye ita kaɗai, wadda ake bugun ƙofar mai ita ƙarfe biyun dare don mace na naƙuda za a kai ta CSI. Ko direban da ya kashe mota don yin salla tsakanin Damagaram da Tanut, da fasinja da ƙananan yara, ruwan sha ya kusa ƙarewa. Muna ganin direbobin da ke shan mai injin na aiki don tsoron kar ta ƙi tashi, ga tururin esansi, ga mutane cike da mota.

Saboda haka ranar da ta sake ƙiya, kafin ka kira kowa, ɗauko wayarka ka ɗauki bidiyo: fitilun gaban direba, da ƙarar da take yi in ka murɗa. Ka lura injin da zafi ne ko da sanyi, mai nawa ke tanki, ko an wanke ta, ko an yi ruwa. Kar ka cire batir, don a wasu motocin hakan na goge abin da kwamfuta ta ajiye. Ka kai wa mai gyara wannan, ku yi tsadar bincike daban da ta gyara tun kafin ya buɗe bone. In ya ce a canza abu, ya nuna maka awon da ya sa ya faɗi haka, tsohon kuma a sa maka shi a but ka tafi da abinka.