Suna Linzami: Tsokaci a Kan Kuskus Mai Kama da Lu'ulu'u

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan magana ba a kan mutane kaɗai ta tsaya ba, domin sunan abinci ma yakan ja mai dahuwa zuwa ga tukunyar da ta dace ko wadda ba ta dace ba. Abincin nan da Turawa ke kira kuskus mai kama da lu'ulu'u ya isa misali.

Asalin kuskus na mutanen Arewacin Afirka ne. Garin alkama mai tsaki-tsaki ake yayyafa wa ruwa, a mulmula shi da hannu, sa'an nan a turara shi a madambaci bisa tukunyar miya har sau biyu ko uku, ana sauke shi ana wargazawa da mai. Duk wanda ya san dambu ko burabusko ba zai yi baƙunta a nan ba. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Aljeriya da Maroko da Muritaniya da Tunisiya.

Shi kuwa mai kama da lu'ulu'u tarihinsa dabam ne. A zamanin tsimin abinci da Isra'ila ta shiga daga 1949 zuwa 1959, shinkafa ta yi ƙaranci, sai Firayim Minista David Ben-Gurion ya nemi kamfanin Osem ya samo madadinta daga alkama. Aka kwaɓa gari, inji ya fitar da shi da siffar shinkafa, aka gasa, aka kira shi ptitim. Daga baya ne aka mayar da shi ƙananan dunƙule. Wato dai taliya ce, ba kuskus ba.

Saboda haka dahuwarsa irin ta taliya da shinkafa ce. Akan soya albasa, a zuba shi a juya har ya yi ja, a ƙara romo kimanin gwangwani ɗaya da rabi ga kowane gwangwani guda, a rufe, a rage wuta na wajen minti 10. Akan ci shi da zafi tare da miyar nama, ko a bari ya huce a haɗa da tumatir da ganye da ruwan lemon tsami. Matar da sunan ya ruɗa ta jiƙa shi da ruwan zafi kawai, kamar yadda ake yi wa kuskus na kwali, tsakuwa za ta kai wa baƙinta.

Amma asarar ta wuce ta tukunya guda. Falasɗinawa suna da maftul, wanda mata ke mulmulawa da hannu, suna lulluɓe tsakin alkama da gari, su turara, su shanya. Mutanen Labanan suna da mugrabiyya mai manyan ƙwayoyi, wadda ake ci da kaza da albasa da kirfa, kuma sunanta kansa yana shaida cewa daga Magrib ta samo tushe. Idan 'yan kasuwa suka tattara waɗannan duka a ƙarƙashin suna ɗaya, aikin hannun mata ya ɓace a bayan aikin inji.

Wani zai ce ai ciki ba ya tambayar suna. Gaskiya ne, amma mai dahuwa tana tambaya, haka ma mai rubuta tarihi. Bahaushe ba ya kiran dashishi dambu don kawai idon baƙo ya kasa rarrabewa.

A taƙaice, haƙƙi ne a kan malamai da ɗaliban harshe, musamman masu fassara da masu tsara ƙamus, su bar wa kowane abinci sunansa na gida, su bi shi da bayanin yadda ake yinsa. Wanda ya kira maftul da sunansa ya dafa shi daidai, ya kuma ba mai shi haƙƙinta.